Bindiga Ta Fara Watsa Harsashi: Yadda Ake Gano Ko Madubin Saiti Ne Mai Laifi

Ina da wata doguwar bindiga mai cin harsashin .308 da na yi shekaru ina harbawa. A mita 100 takan tara harsashi biyar a wurin da bai fi faɗin yatsu biyu ba. Wata rana na kafa takarda, na harba biyar, na taka na je dubawa. Biyu a tsakiya, ɗaya can sama, biyu sun yi hagu, kai ka ce ba daga bindiga ɗaya suka fito ba. Tun ban dawo teburi ba na yanke wa madubin saiti, wato madubin hangen nesan da ke kan bindigar, hukunci. Na buɗe zobba, na cire shi, na sayi sabo na ɗora. Harbi ya ci gaba da watsewa kamar jiya. Sai a mako na uku, ina cikin goge bindigar, na ji wani ɗan motsi ƙarƙashin babban yatsana. Noti ɗaya daga cikin huɗun da ke riƙe mazaunin madubi ne ya saki, kuma yana ɓoye a ƙarƙashin zoben gaba inda ban taɓa dubawa ba. Rabin murɗi kawai yake nema. Ashe na bar jaki ne ina ta dukan taiki.

Madubi yana lalacewa, wannan ba musu. Amma shi ne abin da ya fi tsada a cikin waɗanda ake zargi, kuma shi ne ya fi wuyar kamawa dumu-dumu. Saboda haka shi za ka bari ƙarshe. Ka fara da abin da ba zai ci maka ko harsashi ɗaya ba, kuma kada ka taɓa sauya abu biyu a lokaci guda. In ka ɗaure notuna, ka wanke bututu, ka canza harsashi duk a rana ɗaya, harbi ya gyaru, to ba ka san abin da ya gyara shi ba, kuma ranar da matsalar ta dawo kana nan inda ka faro.

Kafin ka ɗora hannu a kan komai: cire gidan harsashi, buɗe sakata, duba makwancin harsashi da ido, sa yatsa ka taɓa. In sakatar mai fita ce, zare ta gaba ɗaya. Harsashi kada ya zauna a teburin da kake aiki. Gwajin harbi kuma sai a filin da doka ta yarda, mai tudun ƙasa a bayan takarda, da toshiyar kunne da gilashin kare ido.

Kayan da za ka tanada: sifana mai auna ƙarfin ɗauri, buhunan yashi biyu, fensir, ma'aunin tsawo, manyan takardu, kayan wanke bututu, harsashi iri ɗaya kwali biyu ko uku, da littafin rubutu. Littafin nan kada ka raina shi. Bayan harbi talatin kanka zai riƙa gaya maka abin da kake so ka ji.

Mataki na farko: bari takarda ta yi magana

"Ba ta cin saiti" magana ce mai faɗi. Ciwo iri biyu ne mabambanta. Na ɗaya, ramukan sun taru wuri guda amma ba inda ka auna ba. Wannan sau da yawa saiti ne kawai ya goce, gyaransa murɗa mamurɗi, wato ɗan abin juyawa a jikin madubi da ke gusar da saiti. Na biyu, ramukan ne suka ƙi taruwa, ko kuma suna taruwa yau a nan, gobe a can. Wannan na biyun shi ne abin bincike.

Harbi uku ba ya isa shaida. Harsashi uku kan iya haɗuwa bisa sa'a, kan kuma iya rabuwa bisa tsautsayi. Yi biyar-biyar sau uku, ko goma a takarda ɗaya, kana barin bututu ya huce tsakani. Bayan kowane harbi ka leƙa ka rubuta lambarsa a wani zanen takardar da ke gefenka, don jerin da ramukan suka bi ya fi girman gungun muhimmanci.

Ka kuma san abin da ya dace ka sa rai da shi. Ana auna gungu da MOA, wani ma'aunin kusurwa. MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, wato kusan santimita 2.9 a mita 100. Bindigar farauta ta yau da kullum da ke harba harsashin kamfani tana tara biyar cikin santimita 3 zuwa 6 a mita 100, lafiyarta ƙalau. In kana neman rami ɗaya daga irin wannan, ba ita ce da matsala ba.

Siffar gungun tana nuna hanya, ko da yake ba ta yanke hukunci. Ramukan da suka jeru daga ƙasa zuwa sama sukan nuna bututu ya yi zafi yana taɓa ƙota, ko albarushin harsasan bai yi daidai da juna ba, ko kafaɗarka ba ta riƙe gindin bindiga iri ɗaya. Waɗanda suka jeru a kwance sukan nuna iska ko yadda kake jan kunama. Gungu biyu dabam-dabam, uku a nan biyu a can, alama ce ta wani abu da ke motsi tsakanin mazauni biyu: noti, ƙota, ko cikin madubi. Rami mai tsawo kamar harsashi ya shiga da gefe kuwa ba ruwan madubi da shi ko kaɗan, za mu zo kansa.

Mataki na biyu: notuna

A nan zan daɗe, don a nan na fi ganin matsala tana kwana.

Fara da fensir. Ja ɗan layi a jikin madubi daidai bakin kowane zobe. In bayan harbi goma layin ya shige ƙarƙashin zobe ko ya yi nesa da shi, madubi yana zamewa. Lura da cewa gaba yake zamewa, ba baya ba: bindiga ce ke shuri baya, shi kuma nauyinsa yana so ya tsaya inda yake.

Sannan ka kwance komai daga sama zuwa ƙasa. Cire murafun zobba, ɗaga madubi, cire zobban su kansu, ka isa ga mazauni. Kada ka tsaya a zobba kamar yadda na yi. Kama mazaunin da hannu ka girgiza. Cire notunansa, ka goge mai daga zarensu da ramukansu har su bushe.

Ga wani gwaji da ba kowa ke yi ba. Mayar da noti ɗaya tak, ka ɗaure shi shi kaɗai, ka girgiza mazaunin. In ya motsa, notin ya yi tsawo, ƙarshensa ya dafe ƙasan rami kafin kansa ya danne mazaunin. Hannunka zai ji ya ɗauru tam, alhali bai riƙe komai ba. Cire shi, gwada na gaba, har ka bi dukansu ɗaya bayan ɗaya. A bindigogi irin su Remington 700 ramin gaba yana saman zaren bututu ne, don haka dogon noti a wurin ya kan tokare. Wani ramin kuma yana buɗewa ne a kan sakata, dogon noti ya riƙa gogarta. Noti mai tsawo ana rage shi da zarto kaɗan ko a samo gajere.

Ƙarfin ɗauri ba a yi masa kintace. Abin da kamfanin zobba ya rubuta shi ne doka. Akasarin murafun zobba suna tsakanin inci-fam 15 zuwa 18, kusan nuton-mita 2. Ka lura, inci-fam ne, ba ƙafa-fam ba. Wanda ya rikita su zai ninka ƙarfin sau 12 ya tsinke noti. Ɗauri fiye da kima yana da illa kamar sakaci, don jikin madubi siririn alminiyum ne. In ka matse shi, bututun ciki da ke ɗauke da saiti ya kan maƙale, ka murɗa mamurɗi ya ƙi tafiya, sai bayan harbi biyu shuri ya zabure shi ya yi tsalle. Madubi da yawa da aka ce sun mutu, shaƙe su aka yi. A notunan mazauni za ka iya ɗiga Loctite shuɗi, wato ruwan manne zaren noti, ɗigo ɗaya. Jan Loctite kuwa kada ka kusance shi, sai da wuta yake kwancewa. A murafun zobba kuwa bar su a bushe sai in kamfanin ya ce a sa, don ruwan yana sa zare santsi, ɗaurin ya wuce abin da sifana ta nuna.

Wajen mayar da zobba, tura kowanne gaba har haƙorinsa ya jingina da bangon tsaga kafin ka ɗaure. Duba ma ko zobba da mazauni jinsi ɗaya ne. Tsagar Picatinny faɗinta milimita 5.23, ta Weaver kusan 4.6. Zoben Weaver yana shiga Picatinny amma da sarari, shi ya sa tura shi gaba ya zama dole. Zoben Picatinny kuwa sau da yawa ba ya zama a kan Weaver, ko da ya yi kamar ya zauna. Ɗaure murafu a giciye, kaɗan-kaɗan, kana kallon tazarar hagu da dama ta zama ɗaya. Kada zobe ya matsu da kumburin tsakiyar madubi inda mamurɗai suke. A ƙarshe zura takarda tsakanin babban kan madubi da bututu. In ba ta wuce ba, suna taɓa juna, kana bukatar zobba masu ɗan tsayi.

Saura notunan da ke haɗa ƙarfen bindiga da ƙota, galibi biyu ne a ƙasa. Sassauta su, tsayar da bindiga a kan gindinta don haƙorin da ke tare shuri ya zauna a mazauninsa, sannan ka ɗaure na gaba, ka bi da na baya. Ƙotar katako zalla ba ta son ɗauri mai yawa, a kan tsaya wajen inci-fam 30 zuwa 35, mai ƙarfen alminiyum a ciki kuwa ta kan kai 55 zuwa 65. Nan ma littafin bindigarka ne alƙali. Yayin da kake sassauta noti, ɗora yatsa a inda bututu ya rabu da ƙarshen ƙota. In ka ji bututun ya ɗaga ko ya sauka, ƙarfen ba ya kwance daidai a gadonsa, notuna ne ke lanƙwasa shi da ƙarfi. Wannan aikin mai gyaran bindiga ne.

In akwai wani abu da aka murɗa a bakin bututu, mai rage shuri ko mai rage ƙara, taɓa shi ka ji. In ya saki, ga mai laifi nan.

Mataki na uku: kai da kanka

Ba mai son jin wannan, amma ruwa ba ya tsami banza. Zauna a teburi mai ƙarfi. Buhu ɗaya ƙarƙashin ƙotar gaba, ɗaya ƙarƙashin gindi. Bututu kada ya taɓa komai, ko buhu ne. Ƙota ta zauna a wuri ɗaya a kan buhun kowane harbi, kuma ɗan ƙarfen da ake maƙala maratayi kada ya kama buhu lokacin shuri.

Razana ita ce babbar ɓarauniya, kuma mai ita ba ya sanin yana da ita, don ƙara da shuri suna rufe ta. Ba abokinka bindigar ya riƙa loda maka ba tare da ka gani ba, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na roba marar albarushi. Ranar da kunama ta faɗa a kan na roba ka ga bakin bindiga ya yi ƙasa, idonka ya rufe, ka sami amsa. Ni an taɓa yi mini haka, na ji kunya sosai.

Hanya mafi sauri ita ce ka miƙa wa wani gwani bindigar ya harba biyar. In ta taru a hannunsa, madubi ya kuɓuta.

Zaɓi lokacin da iska ta kwanta. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa ba ta kai ta ture .308 inci ɗaya a yadi 100 ba, amma ƙaramin .22 LR sai ta kai shi ninki huɗu ko biyar na haka.

Mataki na huɗu: gyaran gani da faralaks

Abubuwa biyu ne a madubi da ke sa lafiyayye ya yi kama da marar lafiya.

Na farko zoben da ke kusa da ido. Aikinsa fito da giciyen saiti sarai, ba fito da takarda ba. Ɗaga madubi ka kalli sarari ko farin bango, ka leƙa na daƙiƙa biyu, ka kau da kai. In giciyen bai fito tas nan take ba, murɗa kaɗan ka sake leƙawa. Kada ka ƙura ido, don ido zai gyara da kansa ya yaudare ka.

Na biyu faralaks. Hoton takarda da giciye dole su faɗo a shimfiɗa ɗaya a cikin madubi. In ba haka ba, duk inda idonka ya gusa, giciye zai gusa a kan takarda ko da bindiga ba ta motsa ba. Gwajinsa: kafa bindiga a kan buhu tana kallon tsakiyar takarda, ɗauke hannunka, ka leƙa ba tare da kumatunka ya taɓa ƙota ba, ka gyaɗa kai sama da ƙasa, hagu da dama. In giciye na yawo a kan takarda, akwai faralaks. Mai mamurɗi na gefe ko na gaba, sai ka murɗa har yawon ya tsaya, ka manta da lambobin da aka rubuta a jiki, sau da yawa kusa-kusa ne kawai. Wanda ba shi da mamurɗin, an kafe shi ne a masana'anta: na manyan bindigogi galibi a yadi 100, na .22 a wajen yadi 50. In ka ɗora na babbar bindiga a kan ƙarama kana harbi a mita 25, kuskuren zai fito fili. Maganinsa kumatu ya sauka a wuri ɗaya kullum, kuma hoton ya cika da'ira ba baƙar inuwa a gefe.

Mataki na biyar: harsashi

Kowace bindiga da abin da take so. Biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya za su iya bambanta. Tambayi kanka: ranar da matsala ta fara, ka buɗe sabon kwali ne? Ko sunan ɗaya ne, lambar rukunin da aka buga a kwali in ta canza, harbi na iya canzawa. Gwada iri biyu ko uku masu nauyi daban.

Raminan nan masu tsawo da na ambata, harsashi ne bai sami isasshen juyi ba yana tuntsurawa a iska. Tsagar cikin bututu tana da ma'aunin murɗi. A .223, bututu mai 1:12, wato juyi ɗaya cikin inci 12, yana riƙe harsashi mai giren 55 (giren ma'aunin nauyi ne) lafiya, amma dogo mai giren 77 sai 1:8 ko abin da ya fi shi sauri. In ba ka san naka ba, sa ƙyalle mai matsewa a sandar wanki, yi wa sandar alama, tura a hankali har alamar ta zagayo sau ɗaya, ka auna tsawon da ta shiga.

Mataki na shida: bututu

Ninka takarda siririya ka zura tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta har gindi. A bindigar da aka ƙera bututunta ya tsaya a sarari, ta wuce ba tsayawa. Maimaita bayan harbi biyar yana da zafi, ka kuma maimaita bindiga na zaune a kan buhu, don ƙotar roba mai laushi kan lanƙwashe ta taɓa bututu in nauyi ya hau ta. Katako kuma yana shan danshi ya karkace. Sai dai wasu bindigogin da gangan aka bar musu ɗan tudu a ƙarshen ƙota yana danna bututu, saboda haka kada ka ɗauki sanfefa kafin ka tabbatar.

Siririn bututun farauta ba a yi shi don harbi goma a jere ba. In ukun farko suna haɗuwa, na huɗu da na biyar su fara hawa, zafi ne. In ba ka iya riƙe bututu da tafin hannu ba, jira.

Duba leɓen bakin bututu, wurin da harsashi ke yin sallama da bindiga. Ɗan ɓalli a nan ya isa ya sa iskar albarushi ta fita ta gefe ɗaya ta ture gindin harsashi. Zagaya bakin da tsinken auduga a hankali. In zare ya maƙale, akwai kaifi. Bayan harbi kuma kunkunniyar da ke bakin ta kamata ta yi zane kamar tauraro, daidai ta ko'ina.

Sai datti. Jan ƙarfen da ke lulluɓe harsashi yana gogewa a cikin tsaga. Sa ruwan narkar da shi, jira iya mintunan da aka rubuta a kwalba, tura farin ƙyalle. In ya fito shuɗi ko kore-kore, akwai saura. Ka dai tuna burushin tagulla shi ma yana ba da wannan launi, don haka yi amfani da na roba wajen gwajin. Ruwan narkarwa mai ɗauke da amoniya kada ya kwana a cikin bututu. Wanke daga baya zuwa gaba in bindigar ta ba da dama, don sanda kada ta ci leɓe. Bayan wanki harsashi biyu ko ukun farko sukan sauka wani wuri, kada ka sa su a lissafi. In bindigar ta ci harsashi dubbai, sa mai gyara ya leƙa maƙogwaronta da madubin leƙen bututu. Masu cin albarushi da yawa ta ƙaramin rami, irin .243, sun fi .308 saurin ƙonewa.

Mataki na bakwai: yanzu ne za a gurfanar da madubi

In duk waɗannan sun wuce tsugune ba ta ƙare ba, to, madubi ya zo hannu.

Ka san abin da ke cikinsa tukuna. Akwai ƙaramin bututu a cikin babban, ɗauke da gilasai. Mamurɗin sama da na dama suna tura shi, sifirin kuma yana danno shi ta ɗaya ɓangaren don ya jingina da su. In sifirin ya gaji ko ya karye, bututun cikin ya kan koma wani wuri daban bayan kowane shuri. In laifin na madubin ne da gaske, galibin abin da ake kira "madubi ya daina riƙe saiti" wannan ne, ko gilashi ya saki a mazauninsa.

Fara da ido da kunne. Cire shi, kai kusa da kunne, girgiza. Ƙarar wani abu na rawa ba alheri ba ce. Leƙa ciki: giciye ya karkata alhali mamurɗai na tsaye? Akwai ɓarɓashi a gilashi ta ciki? Hazo ta ciki na nufin iskar naitirojin ko agon da aka cika shi da ita ta tsere, danshi ya shiga. Murɗa mamurɗi ka ji: ƙas-ƙas ɗin na fita sarai, ko wani wuri ya yi laushi kamar ana murɗa soso?

Ƙirga inda saitinka yake. Murɗa zuwa ƙarshe a hankali, ba da ƙarfi ba, kana ƙirgawa, ka dawo. In ka tarar saura ƙas kaɗan ka kai bango, ga dalili: a ƙarshen tafiya sifirin ko dai ya saki da yawa ko bututun ciki ya jingina da bangon babban. Laifin a nan na mazauni ne ko zobban da suka karkace. Don mayar da shi tsakiya, ƙirga dukan ƙas daga bango zuwa bango ka raba biyu. Ko ka manna babban kansa a kan madubin fuska, ka leƙa, za ka ga giciye biyu, ka murɗa har su hau juna.

Gwajin ƙwanƙwasa ba ya cin harsashi. Ɗaure bindiga a maƙalar teburi yadda ba za ta motsa ba, giciye a kan wata alama mai nisa. Ƙwanƙwasa jikin madubi da gindin sukundireba na roba, a hankali, kusa da mamurɗai. Leƙa. In giciye ya bar alamar, alhali bindiga na nan daram, wani abu ya saki. A zaman nan kuma murɗa zoben ƙara girma daga ƙarami zuwa babba kana kallo. Giciye ya tsaya cik a kan alamar. In yana gusawa, duk lokacin da ka canza girma saitinka zai canza.

Sai gwajin akwati. Kafa babbar takarda da ɗigo ɗaya a ƙasa ta hagu. Duk harbin da za ka yi, ɗigon nan kaɗai za ka auna. Harba uku. Murɗa sama adadi sananne, harba uku. Murɗa dama adadin nan, harba uku. Ƙasa, uku. Hagu, uku. Gungun ƙarshe ya kamata ya hau kan na farko, sauran kuma su zana murabba'i. Ga lissafin: madubi mai 0.1 mil (shi ma mil ma'aunin kusurwa ne), kowane ƙas santimita 1 ne a mita 100, ƙas 20 santimita 20. Mai rubu'in MOA, ƙas 16 MOA 4 ne, wato inci 4.2 a yadi 100. Auna nisan da ma'auni, kada ka yarda da allon fili. Yadi 100 mita 91.4 ne, wanda ya ɗauki wannan a matsayin wancan zai ga kuskuren kusan kashi 9 cikin ɗari ya ɗora wa madubi.

Mai harbin nesa ya ƙara da gwajin doguwar takarda. Rataya igiya da nauyi a ƙarshenta, ka ja layi a tsaye daidai da ita, ɗigo a ƙasa. Harba uku, murɗa sama mil 5, harba uku kana auna ɗigon nan dai. A mita 100 gungu na biyu ya sauka santimita 50 sama, kuma a kan layi. In ya kauce gefe, galibi madubin ne aka ɗaura a karkace ko kana kwantar da bindiga, ba lalacewa ba ce. In tsawon ya gaza ko ya wuce da kashi kaɗan amma kullum iri ɗaya, madubin yana da aibi amma ana zama da shi, sai ka sa bambancin a lissafi. Wanda ba a zama da shi shi ne mai ba da amsa daban kowane zagaye, ko wanda ka murɗa bai tafi ba sai bayan harbi ɗaya ko biyu.

Gwajin akwati yana da iyaka: in bindigar tana watsa harsashi santimita 10, ba za ka iya karanta murabba'in ba. Shi ya sa hukuncin ƙarshe musanya ce. Ari madubin da aka tabbatar da lafiyarsa, ɗora a bindigarka da zobban nan, harsashin nan, rana ɗaya. Naka kuma ɗora shi a bindigar da aka san tana tara harbi, mai shuri kusa da taka, don madubin da ya saki zai iya yin lamo a kan .22 ya tona kansa a kan .30-06. In watsewar ta bi madubi zuwa ɗaya bindigar, an kama shi. In ta zauna a taka, koma mataki na biyu da na shida.

Masu bindigar iska mai sifirin, ku kula: shurinta biyu ne, baya sannan gaba da ƙarfi lokacin da fistin ya daki ƙarshe. Madubin da ke jure babbar bindiga zai iya wargajewa a kanta in ba don ita aka ƙera shi ba.

In laifi ya tabbata, kada ka buɗe shi. Da zarar ka kwance, iskar ciki ta fita, garanti kuma ya tafi. Ɗauki hoton takardun gwaji, rubuta nau'in bindiga da harsashi, irin zobba da ƙarfin da ka ɗaure su, nisan da ka harba, da abin da ya faru da ka yi musanya. Haɗa da lambar da ke jikin madubin da rasit in yana nan, cire zobba, naɗe shi da kyau, ka aika wa kamfanin. In ya dawo, ko sabo suka ba ka, sake ja masa layin fensir, ka yi masa gwajin akwati kafin ka fita da shi farauta.